Kwafin da Ya Hau Kabu-kabu

Laraba, bayan isha'i

Yau sarwar ofis, babbar na'urar da ke riƙe da duk bayananmu, ta ƙone, ta tafi da ordinatocin nan, kwamfutoci marasa jiki da ke aiki cikinta. Shugaba ya riƙe kai.

Bara ya so mu riƙa tura kwafinsu ta rezo, wato intanet. Na ce rezonmu bai iya wannan kaya. Na zaɓi a riƙa kwafa ta igiyar waya kai tsaye zuwa diski, kowace Juma'a a kai shi ajiya reshenmu na Kalfu a kabu-kabu. Har dariya ya yi: "Hadiza, a zamanin ga kwafi zai hau kabu-kabu?"

To, kabu-kabun ne ya maido shi. Kafin la'asar komai ya tashi a wata tsohuwar sarwa da muke da ita.

Da zan tafi ya ce, "Juma'a a sa diskin a motata, gidan gaba."

Sai da na fita ƙofa na yi tawa dariyar.