Lungun Bayan Shago Ya Hana Ni Cin Abincin Rana

Anti, don Allah ki agaza min, abin ya ishe ni. Ɗinki nake yi a shagon wani, cikina wata bakwai, a asibiti kuma an ce sukarin jinina ya hau. Likita ta ce in riƙa tattaki bayan cin abinci. To a ina? Gaban shagon titi ne, babura ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Sai lungun baya, wanda ƙartin layin suka mayar banɗaki. Wallahi zarnin wurin ko mai mura sai ya ji, balle ni da warin man keken ɗinki ma ke tayar min da zuciya. Rannan na daure na shiga, na tarar da wani magidanci da furfurarsa yana tsugune. Tir! Nan take na amayar da abin da na ci. Na yi wa mai shago ƙorafi, wai ai taka keke ma motsa jiki ne. Keken lantarki fa, Anti! Shi ne na yi dabara, na daina cin abincin rana, tunda ba ci ba tattaki. Yanzu da la'asar jiri nake ji, jiya har na ɓata wuyan rigar mutane. Na yi daidai?

Mai Ɗinki

Ƙanwata, ni ma da na karanta sai da na toshe hanci. Ƙyamarki tana kan hanya, amma dabararki an gudu ne ba a tsira ba.

Idan kin yi tattaki bayan cin abinci, tsokar jikinki ce ke zuƙe sukarin. Idan kin zauna, rarar takan tsallaka wurin jaririn, ya yi girman da zai wahalar da ke, kuma sukarinsa na iya faɗuwa bayan haihuwa. Yunwa kuwa ba magani ba ce, wata cutar ce. Wannan jirin ki kai wa likitarki shi, kada ki jira ranar awo.

Ki ci abincinki, sannan ki yi ta kai da kawo a cikin shagon, daga teburin yanka zuwa ƙofa, ko na minti goma ne. Mai shago ba shi ya ɓata lungu ba, amma zancen kekensa shirme ne. Ki roƙe shi ya janye buhunan ƙyalle ya ba ki hanya. Masu dariya su yi ta yi.

Kada ki bar ɗanki da yunwa saboda ƙazantar ƙartin da suka ci suka ƙoshi. Allah ya sauke ki lafiya.