Gurbin Ƙarfe Biyu a Fayil ɗin Tsoho

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, tunda kin ƙi ɗaga wayata, ga takarda. Tsohon nan mai ciwon suga na gado na huɗu har yanzu bai farfaɗo ba. Kin yi masa allurar insulin ƙarfe biyu ba ki rubuta a fayil ba, nas ɗin yamma ta zo ta ƙara masa wata. Wai a tafin hannu kika rubuta, alwala ta wanke! Ɗansa ya ɗauki lauya, kwamitin bincike zai zo Litinin. Ki zo gobe da biron da kika yi aiki da shi ranar, ki cike gurbin ƙarfe biyu. Sai ya zama ita ce ba ta duba ba. Ki huta lafiya.

Yayanki, Likita

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa, amma wallahi raina ya ɓaci. Wa ya koya mana rubutu a hannu? Ba kai ke kulle fayiloli a ofishinka in za ka fita ba, wai masu jinya suna leƙawa? Gado goma sha takwas, ni kaɗai, makulli a aljihunka. Matar nan ta jira ka dawo, ta duba, ta ga babu komai, ta yi aikinta. Yanzu in shafa mata kashin kaji? Ba da hannuna ba. Allah ya huci zuciyarka.

Ƙanwarka

Ke,

Sallama. Lallai kin riƙa! Lasisinki za su ƙwace, asibitin su garƙame shi. Bare ce ta fi miki ni? Na gaya wa Inna, tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. Layi ɗaya ne fa. Ina jiranki.

Yayanki

Yaya,

Barka da war haka. Na rubuta layin, da kwanan watan yau, na ce mantuwa tawa ce, na kuma faɗi inda fayil yake a lokacin. Kwafi yana hannun kwamiti. Tsoho ya buɗe ido da safe, na tsuguna gaban gadonsa na gaya masa da bakina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya ko kai ma kana tafe.

Na ce masa ban sani ba.

Ƙanwarka