Lambar Yabo Ta Tsaya a Bakin Rijiya, Mu Muna Ciki

Zuwa ga Mai girma Shugaban kwamitin da ya raba lambobin yabo na aikin rijiyoyin karkara.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen ofishinka. Yaya fama da jama'a a wannan shekara ta fari? Allah ya kawo mana sauƙi.

Sunana Ishaya, manomi kuma mai ginar rijiya, daga wani ƙauye kusa da Kona. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, a majami'armu na koyi rubutun Hausa. Na bar wasiƙar nan a buɗe domin abin da ya sa na rubuta ta a gaban jama'a aka yi shi.

Ranar Asabar waccan, a filin taro na Tasawa, gaban sojoji da masu gari, ka maƙala wa Haruna lambar yabo a ƙirji, aka ce saboda aikin da ya yi a rijiyoyi bakwai. Haruna ɗan ƙauyenmu ne, tare muka yi kiwon awaki, benci guda muke zama ran Lahadi. Ina tsaye a baya ina tafi tare da kowa, amma ba da zuciya ɗaya ba. Kishi ne, ba zan ba shi wani suna ba. Sai dai ka ji dalilina.

Na farko. Lokacin da tsofaffin rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa a bakinsu, hukumar soja ta ce a fito aikin gayya. Mu shida muke shiga ƙasa. Haruna ya yi shekara uku a lakwal, sai aka ba shi karne, ɗan littafin rubutu, da alƙalami, ya zauna gindin aduwa yana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ni kuwa igiya a ƙugu, a zura ni gaba talatin, inda iska ba ta kai wa, fitila ma mutuwa take. Rijiyoyin nan bakwai, babu wadda ban taɓa ruwanta na farko da hannuna ba. Nasa aiki, nawa aiki, kalma guda. Ina so in san wanne kwamiti ya auna.

Na biyu. A rijiyar da muka gina wajen Kanambakashe akwai Alhasan, ɗan'uwanmu Musulmi, makiyayi da fari ya cinye wa raƙuma ya zo ya kama diga tare da mu. Rairayi ya rufta masa kafin a sa kewayen siminti. Ni na sauka, da yatsuna na tono shi, ya riga ya cika. Kowa ya ce aikin Allah ne, ni ma na ce haka, na kuma yarda. Amma takardar da aka karanta ranar taro cewa ta yi aiki ya tafi daidai, ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. Matarsa Tamu tana nan da ɗiya uku, tana daka wa mutane hatsi ana ba ta dusa.

Na uku. Bara na je yin takardar shaidar ɗan ƙasa. Magatakarda ya tambaye ni aikina, na ce noma da ginar rijiya. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ba wannan ba, aiki nake tambaya." Ya rubuta wani abu da Faransanci, daga baya malamin lakwal ya karanta mani, wai marar aiki. A ta Haruna an rubuta ma'aikaci. Kakana ya ɗauki duwatsun hanya a ka zamanin Nasara, da bulala a bayansa, amma ko su ba su hana abin sunansa ba, aikin tilas suka ce.

Na huɗu. Jan guga da ɗaukar ƙasa sun saukar mani da ƙaba. Likita ya duba ya ce sai an yi mani aiki a Maraɗi. Na je wurin kamiyon da ke kai mutanen rijiya gari, direba ya dubi takardata ya ce ma'aikata kaɗai yake ɗauka. Ranka ya daɗe, aiki ne ya lalata ni, aiki ne zai gyara ni, kuma ni ne marar aiki. Na rasa yadda zan gane wannan Hausar.

Na biyar, kuma shi ya fi ci mani rai. Ran Lahadi fasto ya sa Haruna ya miƙe, mata suka rangaɗa guɗa, har da matata Rahila. Da yamma ya zo gidana ya ciro lambar ya miƙo mani ya ce, "Riƙe ka ji nauyinta, ɗan'uwa, ai da kai aka samo ta." Na ce hannuna da ƙasa. Ƙarya na yi, tsoro nake in riƙe in kasa mayarwa. Haruna ba mugu ba ne. Bai taɓa share sunan kowa ba, kuma shi ke fara kama igiya in na girgiza ta. Da mugu ne da na samu inda zan ajiye haushina.

Ga roƙona. A gyara mani takarda, a rubuta mai ginar rijiya. A sa ni cikin kamiyon Maraɗi kafin damina, in Allah ya kawo ta. A rubuta sunayenmu shida a jikin simintin rijiyoyin, na Alhasan a sama, a kuma tuna da Tamu ranar rabon dawar taimako. Lambar Haruna kuwa kada a karɓe, ya yi abin da aka sa shi. Sau uku na rubuta wannan layi kafin hannuna ya yarda.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya sauko mana da ruwa mai albarka. Ni ma ka sa ni a addu'a, Allah ya wanke mani zuciya, domin Lahadi mai zuwa akwai jibin Ubangiji a majami'a, inda muke sha a ƙoƙo ɗaya, kuma daga hannun Haruna ƙoƙon zai iso gare ni.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ishaya mai ginar rijiya.