Kada Ku Jira Fatsuma Ta Faɗa

Jidda, Saudiyya

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Baba? Ya ƙanena Lukuman da aikin gona? A gaishe min da mutanen Masama kaf.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa komai a ranki. Aikin asibitin da aka yi min alkawari bai samu ba tukuna, wata tsohuwa nake jinya a gida. Ba a barina in fita, amma ana ba ni abinci.

Inna, zancen autarki Fatsuma ne ya hana ni sukuni. Na ji ta dawo gabanki goyon ciki. Lukuman ya turo min hoton asibitin garinmu, an yi fenti, an kawo gadon haihuwa. Amma ya ce tun tafiyata ba a turo wata ungozoma ba, sai Malama Tabita da ke zuwa daga Kalgo ranar awo kawai.

Kin san kunyar haihuwar fari. Fatsuma ba za ta buɗe baki ta ce naƙuda ta taso ba. In kin ga ta ƙi abinci tana yawan zagayawa bayi, kada ki tsaya yabon dauriyarta. Ƙafafunta sun kumbura, na gani a hoto. Ki sa Lukuman ya nemo mota a wuce da ita asibitin Gwandu.

Ni na karɓi haihuwar matan garin nan, Inna. Yau ta ƙanwata ta zo, ina nan ina juya tsohuwar da ko sunana ba ta sani ba.

Allah ya sauke ta lafiya.

'Yarki,
Halimatusa'adiya