Layin kwalli a hannun Zainabu

Daren Laraba

Barci ya ƙi zuwa. Tun da muka dawo daga cire ciyawa a hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, hannun ɗiyata Zainabu ke kumbura. Inna ta ce, "Kuɗin cizon gado ne, shafa mata man riɗi." Amma kuɗin cizo a jere yake cizo, sauro kuwa ƙaiƙayi kawai yake bari. Wannan huda biyu ce kusa da juna, ga zafi kamar garwashi. Gizo-gizo nake tsoro.

Na zagaye kumburin da kwalli. Na ce wa babanta in kumburin ya tsallake layin nan sai asibitin garin Madani, ko da gobe ne ake sako mana ruwan gona. Ya juya ya yi barcinsa.

Yanzu na sake haskawa da tocila. Kumburin ya wuce kwallin. Bari in tashe shi.