Ƙwai Ɗaya a Ƙanƙara

Groningen

Yaya Tjitske,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya iskar tsibiri? Ni dai ba lafiya. Asibiti sun dakatar da dasa mini ƙwan haihuwarmu na ƙarshe da suka haɗa suka ajiye a ƙanƙara. An ga ƙwayar cutar HPV a bakin mahaifata, har ta fara ɓarna, sai an kankare wurin ya warke tukuna. Ta kwanciya ake ɗaukarta, Yaya, ni kuwa tun da na auri Sjoerd ban kalli kowa ba. Ranar bikin zagayowar haihuwar uwarsa, muna zaune a da'ira kamar kullum, kowa da kofinsa, na tambaye shi a gaban dangi gun wa ya kwaso mini. Ya ajiye cokali ya fice. Yana gidanta har yau, kuma ba a taɓa ƙwan sai da yardarsa.

Ƙanwarki,
Renske

Terschelling

Renske,

Na gaishe ki, ba don halinki ba. Mu nan muna taƙama da faɗin gaskiya ɓaro-ɓaro, ke kin mai da abin hauka. Kin tambayi likita kafin ki buɗe baki? Kusan kowa sai ya gamu da ƙwayar nan, kuma takan lafe shekaru ba a sani ba. Ni ma an taɓa samunta a jikina, ban kori mijina Douwe ba. Kin manta saurayinki na jami'a, mai gemun nan? Magana zarar bunu ce. Shekarunki arba'in da biyu, wani ƙwan ba zai zo ba. Ki je ki ba da haƙuri inda kika yi ɓarin.

Yayarki,
Tjitske

Yaya,

Barka da aiki. An yi mini tiyatar. Likita ta ce ba mai iya sanin wanda ya fara ɗauka. Na je gidan surukata, ta tare ƙofa ta ce, “Kin sanar za ki zo? Muna kan cin abinci.” Daga bakin titi na roƙi Sjoerd. Ya ce zai yi tunani. Tsoro nake ji, Yaya.

Renske

Yaya,

Gaisuwa. Wurin ya warke, Sjoerd kuma ya yarda a dasa ƙwan. Ya ce uba zai iya zama, miji kam ya gama. Ki biyo jirgin ruwa na safe ki zo ki riƙe mini hannu.

Taki,
Renske