Matan unguwa na son man ayu, 'yata kuma ta daina ɗaga wayata

Anti Basiratu, don Allah ki taimake ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga makarantar manya, har yanzu biro na yi min gardama.

Autata Farhana ta gama jami'a, tana aikin bincike a bakin tafkin Volta. Da na tambaye ta me take bincikawa, ta ce so take ta gano ko ayu yana jin daɗin rayuwarsa. Ni da na haife ta ba ta taɓa yi min wannan tambayar ba. Akwai wani jaririn ayu da masunta suka tsinta, uwarsa ta mutu a cikin raga. Suka gina masa kududdufi na siminti, suka raɗa masa suna Brimah. Farhana ke ba shi madara. Kashinsa ma kwashewa take yi ta kai ɗakin gwaji, wai a nan ake gane ko yana cikin damuwa, sai a gwada da na 'yan'uwansa masu yawo a tafki. Karatun da na yi ta dama koko dominsa ke nan.

Ran nan a wajen suna a unguwar Krofrom kowa na yabon ɗansa, ni ma na ce 'yata tana kiwon ayu. Kin san abin da matan aure ke yi da man ayu, ba sai na rubuta a jarida ba. Washegari ban gama shara ba mata suka cika min tsakar gida da kwalabe. Wata da galan ta zo. Hajiya Mero, shugabar ƙungiyarmu, za ta aurar da jikarta, ta ce ita za a fara zuba wa. Na ce ayun ko yaye shi ba a yi ba, ta ce na yaro ya fi kyau. Na ce ba a yanka shi, ta ce wa ya ce a yanka, a shanya shi a rana ya yi gumi a tara.

Da suka matsa na kira Farhana. Wallahi ban ce ta taɓa lafiyarsa ba. Cewa na yi ta goge masa baya da tsumma ta ba direba ya kawo min, in kuma hakan da wuya ko ruwan wankansa ne ta ɗuro jarka ɗaya. Sai ta kashe waya. Tun ranar ba ta ɗaga kirana, sai dai ta tura wa yayanta Sherif hoton Brimah yana tauna latas. Nan kuma mata sun ce rowa nake yi, an raba atamfar biki an tsallake ni.

Yarinyar nan ita ce abokiyar hirata tun rasuwar babansu. Anti, ko in narka man kaɗanya in ce na Brimah ne, kowa ya huta?

Uwa mai damuwa, Asawase

Baiwar Allah, rubutunki ya karantu sarai. Sauke man kaɗanyar nan daga wuta. In kika ba mutum ɗaya, duk amaryar da mijinta ya yi wa murmushi za a ce aikin Brimah ne, galan kuma ya koma duro. Ayu dabba ce da doka ta hana kamawa. Ranar da labari ya kai wajen aikin Farhana cewa gidansu ake rabon mansa, wa zai yarda ba ita ke kawowa ba? Aikinta ne zai tafi.

Ki gane abin da ya ɓata mata rai. Ta raini maraya da hannunta, sai ga uwarta na neman a aiko da shi a tsumma. Amma ita ma ba ta kyauta ba. Mai iya gano damuwa a kashin dabba bai kamata ta kasa jin ta a muryar mahaifiyarta ba, kuma ina fata Sherif zai karanta mata wannan layin.

Hajiya Mero zaman lafiyar jikarta take nema, ba ta san wata hanya ba ne. Kai mata gudummawarki, ki faɗa mata a gaban mata cewa babu mai yau, babu gobe. Za su yi fushi, wani bikin zai mantar da su.

Sannan ki ari wayar Sherif ki kira 'yarki. Kada ki fara da kuka ko dogon bayani. Tambaye ta ya jikin yaron, yana ci kuwa, yaushe za a sake shi. Za ta yi ta zuba har ki gaji, ki daure ki saurara. Allah ya daidaita ku, ya mayar da Brimah tafki da kitsensa a jikinsa.

Anti Basiratu